Yadda Ake Kaiwa ga Lambobin Yabo na Binciken Magungunan Ƙwaƙwalwa

Saura kwana uku a rufe karɓar takardu, wani ƙanina a wurin aiki ya shigo ofis da kwamfutarsa a hammata, ya ce, "Malam, don Allah ka duba min wannan, ina so in nemi kyautar nan ta matasan masu bincike." Kafin in taɓa takardunsa sai na buɗe shafin sharuɗɗan. Layi na biyu ya gama da mu. Mai nema sai ya riga ya zama mamban ƙungiyar, kuma sai wani mamba ya rubuto wasiƙar gabatar da shi. Ba shi da ko ɗaya. Aikin nasa kuwa ba na yarwa ba ne: shekara biyu ya yi yana bin marasa lafiya masu shan maganin sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali mai tsanani, yana auna nauyinsu da sukarin jininsu wata bayan wata. Ba alƙalai ne suka kayar da shi ba, takardarsa ba ta ma isa teburinsu ba.

Tun ranar nake son in zauna in rubuta wa irinsa hanyar, wato likitocin ƙwaƙwalwa masu neman ƙwarewa, da masana harhaɗa magunguna, da ɗaliban digiri na biyu da na uku da ke fama da ɓeraye a ɗakin gwaji. Fannin da nake nufi shi ne na binciken yadda magani ke aiki a ƙwaƙwalwa har ya canza tunani da barci da yanayin zuciya da ɗabi'a: magungunan ciwon damuwa, da na taɓin hankali, da na fargaba, da kuma ƙwayoyin da ke sa maye.

Mataki na farko: ka san gidajen da ke rabon

Manyan ƙungiyoyin fannin huɗu ne ya kamata ka haddace. Ta duniya baki ɗaya ita ce CINP, an kafa ta a Zurich a 1957, ta yi babban taronta na farko a Rum a 1958. Ta Amurka, ACNP, ta zo a 1961. Ta Birtaniya, BAP, a 1974. Ta Turai, ECNP, a 1987. Afirka ma tana da tata, AfCNP, kuma wauta ne mutum ya tsallake ta ya hango na nesa.

Kowace da halinta. ACNP gida ne mai ƙyaure. Ba kuɗi kake biya ka zama mamba ba, zaɓen ka ake yi, kuma taronta na shekara na mambobi ne da waɗanda suka gayyato. Manyan kyaututtukanta suna ɗauke da sunayen magabata: ta Daniel Efron don bincike na tushe, ta Joel Elkes don bincike a kan marasa lafiya, ta Eva King Killam don aikin da ya haɗa ɗakin gwaji da gadon asibiti, sai ta Julius Axelrod wadda ake ba malamin da ya yaye ɗalibai na ƙwarai. Ƙofar da baƙo matashi ke shiga ta wurinta ita ce tallafin halartar taro. CINP ta fi buɗe hannu ga mutumin ƙasa irin tamu. Tana da kyautar Rafaelsen ta matasa, wadda ke kai mutum taron, da kyautar tunawa da Max Hamilton, mutumin da ya fito da ma'aunin ciwon damuwa a 1960, wanda har yau ake cike shi a asibitocinmu. BAP tana taronta a watan Yuli, tana da kyaututtuka na manya da na ƙanana, na masu aiki da marasa lafiya da na masu aikin ɗakin gwaji, da na fosta, wato allon bayanin bincike da ake kafawa a wurin taro, kuma akasarinsu na mambobinta ne. ECNP kuwa da yawa daga abin da take ba matasa ta keɓe shi ga masu aiki a Turai, don haka in kana karatu a can ka duba, in kana gida kada ka ɓata dare a kai sai ka tabbatar.

Akwai wata gidauniya a Amurka da ba ƙungiyar masana ba ce, BBRF, wadda a da ake kira NARSAD. Tana ba matasan masu bincike tallafin da ya kai dala 35,000 a shekara har shekara biyu, kuma ba ta taƙaita ga Amurkawa ba. Daga cikin waɗanda suka ci wannan tallafi take zaɓo masu karɓar kyautar Klerman da ta Freedman. Ka lura da wannan tsari, don haka abin yake kusan ko'ina: ƙaramar ƙofa ce ke kaiwa ga babba.

Su Nobel da Lasker, babbar kyautar binciken likitanci ta Amurka, kuwa ka san da su don tarihi kawai. Ba a neman Nobel, kuma wanda ya tsayar da kansa an soke shi ke nan.

Mataki na biyu: takarda ɗaya, layi biyar

Wannan ba ya cin lokaci. Ka ɗauki takarda, ga kowace kyauta ka rubuta abu biyar: iyakar shekarun haihuwa ko adadin shekarun bayan digirin ƙarshe, ko ana bukatar zama mamba da tun yaushe, ko kai za ka nema ko wani ne zai gabatar da kai, takardun da ake so, da ranar rufewa haɗe da agogon ƙasar da ake bi. Sharuɗɗan suna canzawa, saboda haka na shekarar da kake ciki za ka kwafo daga shafin ƙungiyar, ba abin da wani ya tura a WhatsApp ba.

Maganar shekaru ita ke cin mutanenmu. Yajin aikin jami'a, da hidimar ƙasa, da jiran gurbin horon ƙwarewa, kafin ka kammala digiri na uku ka ba arba'in baya, alhali takwaranka na Jamus ya gama yana ɗan talatin. Don haka ka fi mai da hankali ga kyaututtukan da ke ƙirga shekarun bayan digiri, ba na haihuwa ba. 'Yan'uwa mata kuma ku duba sakin layin da ke magana a kan hutun haihuwa da jinyar iyali. Ƙungiyoyi da dama suna cire wannan lokaci daga lissafi, amma sai an rubuta an nema, ba sa yi wa mutum da kansu.

Mataki na uku: tambaya ɗaya, kuma ta gida

Nan ne tuwon yake. Alƙalan nan ba yawan takardu suke ƙirgawa ba. Tambayar da ke bakinsu guda ce: mene ne aka sani yanzu wanda ba a sani ba kafin wannan mutum ya yi aikinsa? In ba za ka iya amsawa da jimla biyu ba, to da sauranka.

Dubi John Cade. Likita ne a wani asibitin masu taɓin hankali a gefen Melbourne, ba shi da wani ɗakin gwaji na a zo a gani. A 1949 ya wallafa abin da ya gani bayan ya ba mutum goma masu ciwon zumuɗin hauka gishirin litiyam, a wata mujallar likitocin Ostareliya da manyan Turai ba su cika buɗewa ba. Mogens Schou na Denmark ya ɗauki zancen, a 1954 ya gwada shi ta hanyar kwatanta shi da ƙwayar da babu magani a cikinta, ya kuma ƙare rayuwarsa a kan wannan gishiri guda, ana sukarsa yana ƙara kawo hujja. Kyautar Lasker ta same shi a 1987, shekara talatin da uku bayan gwajin farko. Cade ya rasu tun 1980. Abin da nake so ka ɗauka shi ne in an ce Schou, kowa a fannin ya san litiyam ake nufi. Kai in an ambaci sunanka, da me za a haɗa shi?

Cutar da ke damun sassan ilimin magunguna na jami'o'inmu ita ce tsalle-tsalle. Bana ganyen wannan bishiya a kan ɓeraye, baɗi saiwar waccan, duk da kanun zance iri ɗaya: ruwan da aka tatso ya nuna alamar rage damuwa. Takarda ashirin, babu wadda ta bi sahun 'yar'uwarta, babu wadda ta kai ga gano sinadarin da ke aikin ko inda yake kamawa a ƙwaƙwalwa. Wannan yana kawo ƙarin girma a wurin aiki, ban musa ba. Amma ba ya kawo lambar yabo. Ba kuma raina itatuwa nake yi ba. Rizafin, ɗaya daga magungunan farko na taɓin hankali, daga saiwar Rauwolfia aka samo shi, kuma a 1957 Lasker ta karrama Rustom Jal Vakil na Indiya da Nathan Kline da Robert Noce a kansa, a shekarar da ta karrama Laborit da Deniker da Lehmann saboda kulofuromazin, wanda ma'aikatan asibiti suka fi sani da Largactil. Wani jinsin bishiyar yana nan a dazukan Afirka ta Yamma, masu maganin gargajiya sun daɗe suna ba mahaukata. Bambancin shi ne waɗancan sun tsaya a kan saiwa ɗaya har suka ga ƙarshenta.

To wace tambaya ce tamu, wadda mutumin Landan ba zai iya amsawa daga kujerarsa ba? Ga wadda ta fi ci mini rai. Kulozafin shi ne maganin da ake komawa gare shi idan sikizofireniya ta ƙi jin sauran magunguna, tun bayan gwajin da John Kane da abokansa suka wallafa a 1988. Hatsarinsa shi ne yana iya karya wani rukunin fararen ƙwayoyin jini da ake kira niyutirofil, shi ya sa ake ɗibar jinin mai shan sa a kai a kai, in adadin ya sauka a tsayar da maganin. Amma mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma an haife su da wani nau'in jini da ba shi da alamar Duffy, kuma masu wannan nau'i adadin niyutirofil ɗinsu a ƙasa yake tun asali, suna nan lafiya lau. Ma'aunin da aka gina a kan jinin Turawa sai ya riƙa hana baƙar fata maganin da ya fi bukata. Sai a 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta sauke ma'aunin ga irin waɗannan mutane, daga adadin niyutirofil 1,500 zuwa 1,000 a matakin fara shan maganin. Mu da abin ya shafa kusan gaba ɗayanmu, mu ya kamata a riƙa jin ta bakinmu. Likitan da ya tattara sakamakon jinin masu shan kulozafin a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Dawanau ko Kware ko Maiduguri, ya bi su shekara uku da tsari, yana riƙe da abin da duniya ke nema.

Haka zancen hanta. Wani sinadarin hanta mai suna CYP2D6 shi ke narkar da magungunan ƙwaƙwalwa da yawa, har da halofaridol da amitiriftilin da ke kowane kantin magani. Collen Masimirembwa ya gano wani nau'insa mai rauni a jikin mutanen Zimbabuwe, wanda aka sa wa lamba 17, kuma ya yaɗu a Afirka. Mai shi maganin yakan daɗe a jininsa. Shin wannan na da hannu a yadda wasu majinyatanmu ke sandarewa da ƙaramin awo? Tambaya ce da ke jiran mai ita. Ga kuma tiramadol da kodin. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na amfani da ƙwaya a Najeriya, kuma a shekarar gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin. Yadda ake yaye matashi daga tiramadol mai ƙarfin miligiram 225, da farfaɗiyar da yake jawowa, ba a Oslo za a koya mana ba.

Ka zaɓi ɗaya. Ka rubuta ta a jikin bango in ta kama.

Mataki na huɗu: aikin da zai jure tonawa

Alƙali yakan fara karanta sashen hanyar bincike kafin sakamako, don nan ƙarya ke ɓuya. Ka sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kafin ka taɓa mutum ko dabba, kuma lambar amincewar ta fito a takarda. A wannan fanni an fi tsanantawa, domin wanda hankalinsa ya gushe ba kullum yake iya cewa na yarda ba. Ka bayyana wa ya sa hannu a madadinsa, da yadda ka koma ka nemi yardarsa shi kansa bayan ya farfaɗo, da harshen da aka yi masa bayani. In ka fassara ma'aunin Hamilton ko waninsa zuwa Hausa, ka faɗi yadda aka yi fassarar da yadda aka gwada ta. Wannan kansa aiki ne da ake wallafawa.

Gwajin magani a kan mutane sai an yi masa rajista kafin a ɗauki majinyaci na farko. Afirka na da rumbunta, PACTR, kuma kyauta ne. Manyan mujallu tun 2005 suka daina karɓar gwajin da ba shi da rajista. Wajen rubutawa ka bi jerin ƙa'idojin rubuta rahoton bincike, CONSORT in mutane ne, ARRIVE in dabbobi ne. Ɓeraye kuma a raba su ta hanyar ƙuri'a, kuma mai riƙe agogo yana ƙirga daƙiƙun da ɓera ya daina iyo kada ya san wanne aka ba magani. Na sha ganin ɗalibi shi ya yi allurar, shi ya jefa ɓeran a ruwa, shi ya ƙirga, yana kuma fatan sakamakon ya fito don ya kammala. Ba sai ya yi niyyar maguɗi ba, yatsansa ne zai yi masa. Rubuta lambobi a kan kwalaben ka ba wani ya ajiye makullin, ba ya cin ko kwabo.

In sakamako ya fito babu komai, kada ka binne shi. ECNP ta taɓa ƙirƙiro kyauta musamman don binciken da ya nuna abu bai yi aiki ba, kuma ta farko a 2018 ta tafi ga Laura Luyten da Tom Beckers na jami'ar Leuven a Beljiyam, waɗanda suka maimaita wani sanannen gwajin goge tsoro a ɓeraye suka ga bai tabbata ba.

Mujalla kuma ka tabbatar tana cikin PubMed ko Scopus, manyan rumbunan da ke tattara takardun bincike. Takarda uku a mujallar ƙwarai sun fi talatin a irin waɗanda ke karɓa cikin kwana biyar in ka biya. Alƙali na ganin irin waɗannan a CV, sai ya fara zargin sauran ma. In kuɗin wallafa ne matsala, ka rubuta ka nemi a yafe, mujallu da yawa suna yi wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Sai maganar da ba a son yi: jerin sunaye. A 1973 Candace Pert tana ɗaliba a Johns Hopkins, ita ce suna na farko a takardar da ta nuna inda sinadaran ofiyam ke kamawa a ƙwaƙwalwa. A 1978 Lasker ta tafi ga malaminta Solomon Snyder tare da Hans Kosterlitz da John Hughes, ita ba ta ciki, ta kuma fito fili ta nuna ɓacin ranta. Wadda sunanta ke gaba ma ke nan. Don haka tun kafin a fara aiki ka sami malaminka cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, ina so in san matsayin sunana in aikin nan ya fito." Nauyin baki na minti ɗaya ne. Kyaututtukan matasa kusan duka suna duba takardun da kai ne na farko a kansu. Ka kuma buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, ka tsayar da rubutun sunanka iri ɗaya. Mu da Muhammad da Mohammed da Muh'd, mutum ɗaya sai ya zama uku a rumbun bayanai.

Mataki na biyar: fosta da tallafin tafiya

Ga matakalar farko. Tsakuren da za ka aika wa taro yawanci kalmomi ƙalilan ake ba ka, kada ka ƙone rabinsu wajen gaya wa masana cewa ciwon damuwa babbar matsala ce a duniya. Sun sani. Jimla ɗaya ta dalili, sai hanya, sai alƙaluma na gaske: mutum nawa, bambancin nawa, da iyakar tabbacinsa. Wanda ya rubuta "za a gabatar da sakamako a wurin taro" ya cire kansa daga gasar. A shafin aikawa akwai ɗan akwatin da ake dannawa in ana son shiga takarar tallafi ko ta fosta. Mutane na mantawa da shi.

Fostar kanta ka duba girman da aka ce, da ko a tsaye ko a kwance. Kanunta ya zama sakamakon ne, yadda mai wucewa da kofin shayi zai karanta daga taku uku. Ka buga ta a kan yadi maimakon takarda, ka ninke a jaka kamar shadda. Na taɓa bin wani dogon bututun fosta da ido yana shiga cikin kayan jirgi, ni na isa, shi bai iso ba sai ranar rufe taro, na tsaya gaban allo da ƙananan takardu takwas da na manna da salatif. Alƙalai sukan zo su biyu, ba sa wuce 'yan mintuna. Ka shirya bayanin minti biyu, ka maimaita shi gaban abokan aiki har ya zauna. In sun tambayi raunin aikin, ka faɗe shi kai tsaye, sun riga sun gan shi, so suke su ji ko kai ma ka gani.

Biza kuwa, ranar da wasiƙar karɓa ta iso ranar za ka nemi takardar gayyata ka kama layi. Ka kuma tambaya ko tallafin ana bayarwa kafin tafiya ne ko sai an dawo a mayar maka da abin da ka kashe, don galibi na biyun ne, kuma tikitin Turai ba abin da ake ranta a dare ɗaya ba ne.

Mataki na shida: wanda zai tsaya maka

An raine mu a kan yabon kai jahilci, kuma gaskiya ne a zaure. Amma a wannan harka, in ka zauna jiran wani farfesa ya tuna da kai da kansa, za ka tsufa a zaune. Neman a gabatar da kai abu ne da kowa ke yi a can, ba a ɗaukarsa rashin kunya. Da ɗan gari akan ci gari: kana bukatar mamban ƙungiyar wanda ya karanta aikinka da gaske. Irin wannan ba a samunsa da imel ɗaya. Wanda ya tsaya gaban fostarka ya yi tambaya mai ma'ana, ka rubuta sunansa, bayan mako ka aika masa godiya da amsar da ba ka iya bayarwa a tsaye ba. In takardarka ta fito ka tura masa. Tarukan bita na IBRO, ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, da na ƙungiyar masana ƙwaƙwalwa ta Afirka, SONA, wuri ne mai kyau na haɗuwa da irinsu ba tare da ka bar nahiyar ba.

Ka nemi wasiƙar aƙalla wata biyu kafin rufewa, kuma ka sauƙaƙa masa: sharuɗɗan kyautar, CV, takardu uku mafiya ƙarfi, da rabin shafi na abin da ka gano da hannunka. Kada ka zaɓi mutum don girman kujerarsa kawai. Wasiƙar shugaban jami'a da ke cewa kai yaro ne mai ladabi da ƙwazo ba ta kai ta ƙaramin malamin da zai rubuta cewa kai ka lura ana tsayar da maganin majinyata ba bisa ƙa'ida ba, ka tsara binciken, ka shawo kan ɗakin gwajin jini suka riƙa ajiye maka sakamako. Ladabi ba ya cikin abin da ake ba maki.

Mataki na bakwai: bayanin kanka

Shafi ɗaya ko biyu ne, kuma sakin layin farko shi ne kasuwar. Ka fara da abin da ka gano, sannan dalilin da ya sa yake da muhimmanci ga mai jinya ko ga ilimi, sannan inda za ka dosa. Ka rarrabe "na yi" da "mun yi" da gaskiya. Wahalar wurin aiki ka ambace ta sau ɗaya, a matsayin bayani: an yi aikin da firijin da ke kan hasken rana, ga yadda aka tabbatar samfuran ba su lalace ba. Wannan yana nuna iyawa. In ka mai da shafin wurin kukan rashin wuta da rashin kuɗi, tausayi za ka samu.

Duk wata alaƙa da kamfanin magani ka bayyana ta, ko da kuɗin mota ne zuwa taro. Fannin ya sha suka a kan kuɗin kamfanoni, wasu kyaututtukan ma kamfanoni ne ke ɗaukar nauyinsu, shi ya sa ɓoye ƙaramin abu ya fi abin kansa illa. CV kuma ka yanke shi zuwa tsawon da aka ce. Sunan firamarenka da jiharka da yawan 'ya'yanka ba sa ciki. Ka ba wani wanda ba ɗan fanninka ba ya karanta, in ya kasa gaya maka abin da ka gano, ka sake rubutawa. Sannan ka aika saura kwana uku, don ranar ƙarshe ce intanet ke ɗaukewa.

Wata rana kuma za ka buɗe imel ka ga an ce an zaɓe ka gwarzon masanin shekara, alhali ba ka nemi komai ba, sai dai ka biya kuɗin rajista da na kofin da za a aiko maka. Ka duba ko ƙungiyar tana da mujalla da aka sani, da jerin waɗanda suka ci a baya da za ka iya samun takardunsu a PubMed. In babu, goge shi, kuma kada ya kusanci CV ɗinka.

Idan sakamako ya fito babu sunanka, ka rubuta wa sakatariyar layi uku ka tambaya ko akwai sharhin alƙalai. Wasu na bayarwa. Ka gode wa wanda ya rubuta maka wasiƙa, ka gaya masa yadda ta kaya, don shi za ka koma wa. Ka buɗe jerin waɗanda suka ci, ka karanta takarda ɗaya ta kowannensu, ka ga inda suka fi ka. Ƙanin nan nawa haka ya yi. Ya biya kuɗin zama mamba a watan da ya biyo baya, ya aika tsakure taron gaba, kuma takardar nan mai layi biyar tana manne a jikin ƙofar kabad ɗinsa, ya ja wa ranar rufewa layi da jan biro, ya rubuta wata ranar a samanta, wata biyu kafin ta.